Fita da Bindiga a Bainar Jama'a: Abin da Ɗan Gudun Hijira Zai Tarar a Nijar

Zuwa ga iyaye da 'yan uwa mazauna Garin Kaka, Ɗan Daji Makau, Cadakori da sauran garuruwan jihar Maraɗi da suka karɓi baƙi. Akwai tambayar da ke yawan zuwa mana a sashen kariya, galibi daga bakin magidanta, wani lokaci kuma daga matan da hankalinsu bai kwanta ba: idan mutum yana da bindiga, ya rataya ta zuwa gona ko kiwo ko kasuwa don tsare kansa, me zai same shi?

Mun san inda tambayar ta fito. Da yawa daga cikinku kun baro Sabon Birni, Isa, Shinkafi, Zurmi ko Jibiya ne bayan an kore shanu, an ƙone rumbuna, an ɗauki mutane sai da aka biya kuɗin fansa. Wanda ya ga wannan da idonsa ba za a zarge shi ba don yana tunanin abin da zai kare iyalinsa. Amma amsar tana da nauyi, gara ku ji ta daga bakinmu tun kafin wani ya ji ta a ofishin jandarma. A Nijar, ɗan gudun hijirar da aka gani da bindiga a fili zai fuskanci kamu, da shari'a, da tambayoyi a kan matsayinsa na gudun hijira, kuma abin yana iya shafar duk garin da yake zaune. Ga bayanin dalla-dalla.

Abin da aka saba gani a gida

A ƙauyukan Zamfara, Sakkwato da Katsina, ganin mutum da bindigar gida a kafaɗa ya zama ruwan dare. Maharba na da ita tun kaka da kakanni. Da matsala ta yi tsanani, 'yan banga da 'yan sa kai suka riƙa yawo da ita a kasuwa da bakin gari. A 2022 gwamnatin jihar Zamfara ta fito ta ce jama'a su nemi lasisin mallakar bindiga don kare kansu. A 2023 jihar Katsina ta kafa dakarun tsaro na al'umma, a farkon 2024 kuma Zamfara ta ƙaddamar da nata askarawan. Duk wanda ya zauna cikin wannan yanayi zai iya ɗauka cewa rataya bindiga abu ne da hukuma ke kau da kai a kansa.

Ko a Najeriya doka ba ta sakar wa kowa mara ba. Dokar makamai ta 1959 ta ce sai da lasisi, har bindigar toka da ake ɗura wa albarushi ta baki, wadda kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izininta. Abin da ya fi muhimmanci gare mu a nan shi ne wannan lasisi ba ya tsallake iyaka. Takardar da aka ba mutum a Gusau ko Sakkwato, da katin ƙungiyar banga, da wasiƙar hakimi ko ta sarkin maharba, duk ƙarfinsu ya ƙare a kan iyakar Najeriya. Nuna wa jandarma katin banga yana iya ƙara tsawaita tambayoyi, domin katin na nuna cewa mai shi ya taɓa riƙe makami cikin wata ƙungiya.

Abin da dokar Nijar ta ce

Dokar hukunta laifuka ta Nijar ta hana shigo da bindiga, sayar da ita, ɗaukarta daga wuri zuwa wuri, ajiye ta a gida da kuma yawo da ita, sai ga wanda ke da izinin hukuma. Hanin ya haɗa da harsashi da albarushi. Izinin yana fitowa ne ta ma'aikatar cikin gida, da sunan mutum ɗaya da bindiga ɗaya, bayan bincike. Ba a aro shi, ba a gadonsa kai tsaye, kuma mai gari ko shugaban kwamitin 'yan gudun hijira ba shi da ikon bayar da shi. Hukuncin wanda aka kama ba izini ɗauri ne na shekaru da tara, tare da ƙwace makamin.

Abubuwa uku ne mutane suka fi kuskurewa. Na farko, cewa bindigar ƙirar maƙera ba bindiga ba ce. Duk abin da ke harbi da albarushi makami ne a idon doka, adaka ce ko harba-ka-ruga ko wadda aka haɗa da bututun ƙarfe. Na biyu, cewa idan babu harsashi a ciki babu laifi. Riƙe ta kawai ya isa laifi, haka ma riƙe harsashi ba tare da bindiga ba. Na uku, cewa farauta hujja ce. Farauta da bindiga a Nijar tana da nata izinin daga ma'aikatan kula da daji, kuma wannan izini ba ya maye gurbin takardar mallakar bindigar.

Idan kun ga wani ɗan ƙasa da bindiga a kafaɗa ba a taɓa shi ba, kada ku auna kanku da shi. Ba ku san takardar da ke aljihunsa ba, kuma shi ba a kansa sharaɗin mafaka yake ba.

A kan hanya da shingen bincike

Yankin Gidan Rumji da Madarumfa na kan iyaka, kuma 'yan bindigar da suka addabe ku a gida suna tsallakowa su saci shanu su ɗauki mutane a nan ma. Tun bayan rugujewar gwamnatin Libiya a 2011 makamai ke ratsa Nijar zuwa kudu, jami'an tsaro kuma na farautar masu safararsu. Sojoji, jandarmomi, 'yan sanda da dakarun Garde Nasiyonal da ke sintiri a wannan yanki suna aiki ne da sanin cewa ana iya buɗe musu wuta a kowane lokaci.

Ku duba abin ta idon sojan da ke tsaye a shinge da magariba. Ya hango mutum a kan babur, da rawani, da bakin bindiga ya leƙo ta bayan kafaɗa. Daga nesa ba ya iya bambanta bindigar maharbi da ta ɓarawon daji, ba ya iya karanta katin da ke cikin aljihu, kuma daƙiƙu kaɗan gare shi ya yanke shawara. Haɗari mafi girma ga mai bindiga yana cikin waɗannan daƙiƙun, tun kafin a kai ga maganar kotu.

Duk wanda tsautsayi ya sa aka tsayar da shi da makami a jikinsa ko cikin kayansa, ga abin da zai tsare ransa. Ya tsaya nan take, ya kashe babur. Ya ɗaga hannuwansa inda za a gan su. Kada ya kai hannu ga bindigar ko da nufin ajiye ta ƙasa ne, sai an umarce shi. Kada ya sa hannu a aljihu don ciro kati sai an tambaya. Ya faɗa da bakinsa cewa akwai makami a wuri kaza. Kada ya gudu, domin gudu da bindiga a gaban jami'in tsaro kusan sa hannu ne a kan harbi. Kada kuma ya miƙa kuɗi don a rufe magana, wannan laifi ne na biyu a kan na farko.

Waɗanda ke tare da shi ma za a tsare su. Wanda ya goya shi a babur, da abokin tafiyarsa, da mai amalanken da aka ɓoye makamin cikin kayansa, duk sai sun yi bayani. Matasanmu masu kabu-kabu su kula sosai: kada ku ɗauki buhu ko ƙunshin da ba ku ga cikinsa ba, musamman idan kuɗin da aka yi muku tayi ya fi na kullum, ko aka ce ku bi hanyar daji.

Bayan an kama mutum

Za a kai shi ofishin jandarma ko na 'yan sanda a tsare shi don bincike. A laifi na yau da kullum wa'adin wannan tsarewa awa 48 ne, mai shigar da ƙara na gwamnati yana iya ƙarawa. Za a tambaye shi inda ya samo bindigar, wanda ya sayar masa, ta inda ya shigo da ita, da waɗanda suka sani. Za a duba wayarsa, lambobi da hotuna da saƙonnin murya. Ana iya zuwa a bincike ɗakinsa. Daga nan sai a gabatar da shi gaban mai shigar da ƙara, wanda zai iya tura shi gidan kaso ya jira shari'a, jiran kuma yakan ɗauki watanni.

Idan bindigar ta yaƙi ce irin su AK-47, ko aka sami harsasai da yawa, ko aka ga alamar hulɗa da 'yan bindiga a waya, maganar ta tashi daga ƙaramin laifi. Shari'o'in ta'addanci da manyan laifukan da ke ƙetare iyaka suna da sashen bincike da kotu na musamman a Yamai, kuma wa'adin tsarewa a can ya fi tsawo. Iyalin da ke Cadakori ko Garin Kaka sun san abin da tafiya Yamai ke ci, balle a riƙa kai wa ɗaurarre ziyara.

Wanda aka kama yana da haƙƙoƙi, kuma gudun hijira bai rage masa ko ɗaya ba. Yarjejeniyar 1951 ta ba ɗan gudun hijira damar zuwa kotu kamar ɗan ƙasa. Yana da haƙƙin sanin abin da ake tuhumarsa da shi, da neman lauya, da neman tafinta. Galibin takardun bincike da Faransanci ake rubuta su, saboda haka kada ya sa hannu ko ya dangwala yatsa sai an karanta masa da harshen da yake ji. Akwai hukumar taimakon shari'a ta ƙasa, ANAJJ, wadda aka kafa don marasa ƙarfi. Doka ta hana duka da azabtarwa, kuma yaron da bai kai shekara 18 ba alƙalin yara ne ke duba maganarsa.

Iyali su sanar da mu da wuri, su zo da lambar rajistar gidan, su faɗi wurin da aka kama shi da ranar. Abin da muke iya yi shi ne mu bi sawu mu san inda yake, mu nemi ganinsa, mu haɗa shi da masu taimakon shari'a, mu kuma duba halin da matansa da 'ya'yansa ke ciki. Fitar da mutum daga hannun hukuma ko soke tuhuma ba ya cikin ikon HCR ko wata ƙungiyar agaji. Katin ɗan gudun hijira shaida ce ta cewa Nijar ta ba ka mafaka, kuma mai riƙe da shi yana ƙarƙashin dokar ƙasar kamar kowa.

Abin da zai shafi matsayin gudun hijira

A 2020 gwamnatin Nijar ta amince da 'yan Najeriyar da suka gudo daga rashin tsaron jihohin arewa a matsayin 'yan gudun hijira a dunƙule, ba tare da an yi wa kowa doguwar tantancewa ba. Wannan sauƙi an yi shi ne bisa fahimtar cewa waɗanda suka shigo fararen hula ne. Dokar Nijar ta 1997 kan 'yan gudun hijira, da sashe na 2 na yarjejeniyar 1951, duk sun ɗora wa baƙo nauyin bin dokokin ƙasar da ta sauke shi. Yarjejeniyar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969 ta ƙara da hana ɗan gudun hijira kai hari ko shirya tarzoma a kan wata ƙasa daga inda yake mafaka.

Ƙa'idar da ake bi ita ce mafaka ta farar hula ce. Wanda ke cikin faɗa da makami, ko wane ɓangare yake, ba a ɗaukarsa ɗan gudun hijira sai an tabbatar ya ajiye makami da gaske kuma har abada. Kafin a tabbatar, hukuma na iya raba shi da sauran jama'a. Mutumin da ke kwana a mazaunin 'yan gudun hijira, ya tsallaka iyaka da bindiga ya taya 'yan garinsu faɗa, sannan ya dawo karɓar abinci, ya faɗa cikin wannan rukuni ko da shi yana ganin kansa mai kare gida ne.

Kama mutum da bindiga ba ya soke matsayinsa kai tsaye. Sai dai yana buɗe ƙofar tambayar da da ba a yi masa ba: me ya yi da ita kafin ya zo? Idan bincike ya nuna akwai ƙwararan dalilai na cewa ya aikata babban laifi, kamar kisa ko satar mutane ko ƙone ƙauye, yarjejeniyar 1951 ta fitar da irinsa daga kariyar 'yan gudun hijira, kuma hukumar tantancewa ta ƙasa, CNE, ita ke duba wannan. Yarjejeniyar ta kuma bar wa ƙasa damar korar baƙo saboda tsaron ƙasa, bayan an bi hanyar doka. Hukuncin kotu kan makami yana zama a takardun mutum, ya biyo shi duk inda zai nemi aiki ko wata dama nan gaba.

Matar mutum da 'ya'yansa ba sa ɗaukar laifinsa. Ƙa'idar ta ce iyalin mai makami fararen hula ne, ana ci gaba da kare su da taimaka musu. Yaran da 'yan bindiga suka tilasta wa riƙe makami ko yi musu aike, ana kallonsu a matsayin waɗanda aka zalunta, kuma akwai kulawa ta musamman gare su. Iyayen da ke da irin wannan yaro su zo mu yi magana cikin sirri.

Dalilin tsaurin wannan ƙa'ida

Ba don a wulaƙanta kowa aka kafa ta ba, darasi ne mai ɗaci ya haifar da ita. A 1994, bayan kisan ƙare dangi a Ruwanda, ɗaruruwan dubban mutane suka tsallaka zuwa Goma a ƙasar Zayar, wadda yanzu ake kira Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. Tsofaffin sojoji da 'yan ta'addan da suka yi kisan suka shiga cikinsu da makamai. Suka karɓe ragamar sansanonin, suka mamaye rabon abinci, suka hana masu son komawa gida tafiya, suna kai hari Ruwanda daga can. A ƙarshen 1996 aka far wa sansanonin da yaƙi. Mata da yara da tsofaffin da ba su taɓa riƙe bindiga ba suka watse cikin daji, da yawa ba su fito ba. A 1998 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1208 kan tsaron sansanonin 'yan gudun hijira a Afirka, a 2002 kuma kwamitin zartarwa na HCR ya tsara yadda za a ware masu makami daga fararen hula.

Wannan tunanin ne ya sa tun 2019 aka fara ɗauke iyalai daga ƙauyukan bakin iyaka zuwa garuruwan da ke ciki. Yarjejeniyar 1969 ta ce a zaunar da 'yan gudun hijira nesa da iyakar ƙasarsu gwargwadon hali. Abin da ke tsare irin waɗannan garuruwa shi ne kowa ya san babu makami a cikinsu. Ranar da labari ya kai daji cewa akwai 'yan sa kai da bindigogi a mazauni kaza, masu neman ramuwa sun sami dalilin zuwa, masu neman makami ma sun samu. Bindigar toka guda da sai an sake ɗura ta bayan kowane harbi ba za ta tare mutum ashirin a kan babura ba, amma ta isa ta jawo su.

Akwai kuma mutanen gari da suka raba gonakinsu da rijiyoyinsu da ku. Amana ce ta sa suka buɗe ƙofa. Idan aka kama baƙo ɗaya da makami, sai a fara kallon kowane baƙo da wani ido, bincike ya ƙaru, fita kasuwa ta yi wuya, aron gona ya tsaya. Wake ɗaya ke ɓata gari. Masu aikin agaji ma ba sa raba abinci ko duba marasa lafiya a inda ake yawo da makami. Hoton bindiga da aka ja wa jan layi a jikin motocinmu da ƙofar ofisoshinmu ma'anarsa ke nan.

Abubuwan da ba bindiga ba amma suna jawo irin wannan matsala

Adda, lauje, gatari da sandar kiwo kayan aiki ne, wurinsu gona da daji. Kada a zo da su wurin rabon abinci, makaranta, asibiti ko taro. Takobi, kwari da baka, da wuƙar da ake ɗaurawa a damtse, a bar su a gida idan za a shiga kasuwa ko mota.

Riga ko wando ko hula mai zanen kakin soja, ko da a gwanjo aka saya, tana sa a tsayar da mutum. Kwanson harsashi da yara ke tsinta su yi wasa ko a yi laya da shi yana jawo tambaya. Bindigar roba da ake saya wa yara da salla tana kama da ta gaske idan duhu ya fara, mu nema musu wani abin wasan. Matasa su daina ɗaukar hoto da bindigar wani, su daina ajiyewa da tura bidiyon 'yan bindiga a WhatsApp da TikTok. Abin da aka ajiye don kallo, a ofishin bincike shaida yake zama.

Wanda ya tsinci bindiga, harsashi, gurneti ko wani ƙarfen da bai gane ba a gona ko a daji, kada ya taɓa, kada ya ɗauka don kai wa hukuma, kada ya sayar wa 'yan gwangwan. Ya ja da baya ta inda ya zo, ya hana yara da dabbobi zuwa, ya sanar da mai gari ko jami'an tsaro.

Wanda yake da bindiga a ɓoye

Mun san akwai wanda ya shigo da ita cikin tabarma ranar gudu, ya binne ta ko ya soke ta a rufin ɗaki, yanzu ya rasa yadda zai yi. Barinta a nan haɗari ne kullum: yaro na iya gano ta, albarushi na iya kama wuta, faɗan gida ko rikicin gona na iya kai hannu gare ta cikin fushi, bincike kuma na iya zuwa ba sanarwa.

Nijar na da hukumar karɓa da sa ido kan haramtattun makamai, CNCCAI, tun 1994, kuma miƙa makami don zaman lafiya ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A watan Satumba na 2000 an ƙone bindigogi fiye da dubu a Agadas a gaban jama'a, bayan sulhu da 'yan tawaye. Hanyar miƙawa ita ce: kada ka ɗauko ta ka nufi ofishin jandarma da ita a hannu, domin wanda ya gan ka a hanya bai san niyyarka ba. Kada ka kawo ta ofishinmu, ba mu karɓar makami. Ka bar ta inda take, ka je hannu sake wurin mai gari, ko ka zo sashen kariya mu yi maka bayani mu haɗa ka da mai ba da shawarar shari'a, sannan a sanar da hukuma su zo su ɗauka. Ka nemi a rubuta cewa kai ne ka kai maganar da kanka. Hukuma ce ke yanke abin da zai biyo baya, amma wanda ya miƙa da kansa da wanda aka tono a ɗakinsa ba sa tsayawa wuri ɗaya a gaban alƙali. Kada ka sayar da ita, kada ka ba wani ajiya, kada ka aika da ita gida ta hannun direba, kowanne cikin waɗannan ya fi ajiyewar nauyi a doka.

Iyaye mata da matan aure, idan akwai makami a ɗaki kuma kuna tsoro, ko an taɓa yi muku barazana da shi, akwai ma'aikata mata da za su saurare ku a keɓe, kuma ba za a ɗauki mataki ba sai an duba tsaronku da na yaranku. Muna roƙon kowa kuma kada a mayar da wannan hanyar ta huce haushi. Yi wa maƙwabci ƙazafin bindiga saboda bashi ko kishi na iya salwantar da shekarun mutumin da bai ji ba bai gani ba, kuma ƙarar ƙarya laifi ce.

To da me za a kare kai?

Tsaron mazaunan nan nauyi ne na gwamnatin Nijar da jami'anta. Namu da naku shi ne labari ya kai gare su da wuri. Baƙuwar fuska mai yawan tambayar gidan masu shanu, babura da ke taruwa a daji, wanda ke sayen man fetur ko burodi fiye da ƙima, kiran waya na barazana ko neman kuɗi, duk a faɗa wa mai gari ko shugabannin kwamiti a ranar, kada a bari sai an kwana. Kwamitocin sa ido na unguwa su yi aiki da fitila da usur da waya, abin da suka gani su kai rahoto, kamu da hukunci na hukuma ne.

A je gona da itace cikin ayari, a dawo kafin la'asar ta yi sanyi. Mata da 'yan mata kada su tafi su kaɗai. A kwanar da dabbobi kusa da gari. Wanda zai yi tafiya ya riƙe takardar shaidarsa, ya faɗa wa na gida inda za shi. Komawa ƙauyukan bakin iyaka don noma ko ɗauko hatsi shi ne lokacin da aka fi jin sha'awar rataya bindiga, kuma shi ne lokacin da aka fi haɗuwa da masu sintiri da ɓarayin daji duka biyu. Wanda ke da barazana ta musamman a kansa, kamar wanda aka taɓa ɗauka ko wanda ake nema da suna, ya zo mu duba maganarsa shi kaɗai.

Muna roƙon waɗanda suka iya karatu su karanta wa waɗanda ba su iya ba, limamai da shugabannin mata da na matasa su isar da saƙon a majalisunsu. Mai tambaya ya same mu a ofishin kariya a ranakun sauraron jama'a, ganinmu kyauta ne, kuma abin da aka faɗa mana amana ne. Allah Ya tsare mu da iyalanmu, Ya saka wa masu masaukinmu da alheri, Ya dawo da zaman lafiya garuruwan da aka baro.